Ƙauyen mutum 300 a Rupununi: a bi su da asibiti ko a kawo su gari?

Injiniya Sabo: Assalamu alaikum jama'a. Alhaji Tanimu ya ɗaure ni da alkawari tun makon jiya cewa sai na ba da labarin inda aikin sola ya kai ni, to ga shi. Guyana tana Kudancin Amurka, Venezuela ta yamma da ita, Suriname ta gabas, Brazil ta kudu. Ingila ce ta mulke ta har 1966, shi ya sa Turanci ne harshen gwamnati. Kusan kashi 90 cikin 100 na jama'arta a bakin teku suke, sauran ƙasar kuwa kurmi ne da fili, kuma can ne 'yan asalin ƙasar suke zaune, waɗanda ake kira Amerindiya. Ƙabilu 9 ne: Makushi, Wapishana, Patamona, Akawaio, Arekuna, Wai Wai, Warrau, Arawak da Carib. A ƙidayar 2012 sun ɗan haura kashi 10 cikin 100.

Ni a Rupununi ta arewa na yi aiki, wani fili ne a kudu maso yammacin Guyana, ƙasar Makushi, a wani ƙauye da ke kewayen Annai. Mutanensa ba za su wuce 300 ba. Gidajen a warwatse suke, tsakanin wannan gida da wancan sai ka yi tafiya, ginin bulon ƙasa da rufin ganye, wasu sun sa kwano. A tsakiyar ƙauyen akwai firamare da ajin rainon yara, ɗakin shan magani, ofishin majalisar ƙauye, coci, filin ƙwallo, kanti guda biyu, sai babbar rumfar taro mai zagaye. Ruwa daga burtsatse yake, famfon sola ya tura shi tanki. Babu ɗan sanda, babu banki, babu gidan mai, a jarka ake sayen fetur. Iyakar abin da ke akwai ke nan, amma duk abin da na lissafa yana aiki, kuma wannan ne ya tsaya mini a rai.

Khalifa: Wa alaikumus salam Yaya Sabo. Su ne Indiyawan da shugaban ƙasar ya fito daga cikinsu? Na ji an ce Musulmi ne.

Injiniya Sabo: A'a Khalifa. Shugaba Irfaan Ali Musulmi ne, amma kakanninsa daga Indiya Turawa suka kwaso su aikin rake. Waɗannan tun kafin zuwan Bature suna nan. Yawancinsu Kiristoci ne yanzu, Angilika sun fi yawa a inda na zauna, Katolika kuma a kudu wajen Wapishana.

Alhaji Tanimu: Madalla, Injiniya ka cika alkawari. Amma bari in tambaye ka abin da ɗan kasuwa zai tambaya. Daga babban birni zuwa can, tafiyar nawa ce?

Injiniya Sabo: Alhaji, daga Georgetown zuwa Lethem, garin da ke kan iyakar Brazil, ya haura kilomita 500. Kwalta tana nan har Linden, daga can sai jar ƙasa ta cikin kurmi, duk da an fara aikin kwalta daga Linden zuwa Mabura Hill. A Kurupukari sai an ɗora mota a jirgin fito a haye kogin Essequibo, kuma da rana kawai yake fito. Shi ya sa ƙananan bas suke barin Georgetown da daddare, su kwana a hanya, su riski fiton safe. Da rani ka isa washegari. Da damina, daga Mayu zuwa Agusta, sai yadda Allah ya yi. Filin Rupununi yana cika da ruwa, wani ƙauyen sai da kwale-kwale. Akwai ƙaramin jirgin sama daga filin Ogle, awa ɗaya da wani abu, amma kuɗinsa ba na talaka ba ne.

Alhaji Tanimu: To ka gani. Ni ra'ayina, kuma kada kowa ya ji haushi, wannan asarar kuɗi ce. Mutum 300 nan, 200 can, kowane da makarantarsa da ɗakin maganinsa da tankinsa. Buhun siminti kafin ya isa can ya ninka kuɗinsa sau nawa? Ƙasar ta samu man fetur, sun fara haƙowa tun 2019, kuɗi na shigowa. Su gina manyan garuruwa uku ko huɗu a yankin, da asibiti na gaske da sakandare da wuta, a tattaro mutane. Wanda yake son gona ya riƙa zuwa yana dawowa. In ba haka ba har abada likita ba zai je musu ba.

Maman Ilham: Alhaji ya faɗi abin da yake zuciyata, duk da ban so in yarda da shi ba. Injiniya, mace ta fara naƙuda da tsakar dare, jini ya ɓalle, wa ke wurin?

Injiniya Sabo: Ma'aikaciyar lafiya ta ƙauye, Anti. 'Yar ƙauyen ce, aka tura ta horo na wasu watanni ta dawo. Tana awon ciki, tana gwajin zazzaɓin cizon sauro, tana rigakafi, tana ɗaure rauni, tana da littafin da take rubuta kowa. A manyan cibiyoyi akwai wanda suke kira medeks, ya fi nas ilimi bai kai likita ba, shi yake riƙe asibitocin karkara a Guyana tun shekarun 1970. Abin da ya fi ƙarfin ƙauye sai Annai, ya fi ƙarfin Annai sai asibitin yanki a Lethem, daga nan kuma ko jirgi zuwa Georgetown ko a haye gadar Takutu zuwa Boa Vista ta Brazil, don ta can hanyar kwalta ce. Masu ciki ana matsa musu su tafi kusa da asibiti tun wata bai cika ba. Wasu suna tafiya, wasu suna ƙi, don wa zai riƙe musu gona da yara?

Maman Ilham: Ka ga wurin da maganar take. Jinin haihuwa ba ya jiran jirgi. Awa biyu ya isa a rasa mace. Allurar da ke tsayar da shi kuma sai a firji, ga zafi. Haka saran maciji.

Injiniya Sabo: Gaskiya ne, kuma macizai suna nan, akwai labariya a kurmi, akwai mai ƙararrawa a fili. Firjin sola na rigakafi yana cikin abin da muka je haɗawa. Da can da rediyon oba-oba ake kiran Lethem, da safe da yamma ana buɗe shi a lokacin da aka sani. Daga ƙarshen 2022 suka fara sa wa ɗakunan magani intanet ta tauraron ɗan'adam da kwamfuta da na'urorin awo, ma'aikaciyar ta kira likita ya ga mara lafiya ta allo ya ce a yi kaza. Ya rage tafiyar banza sosai. Amma likitan allo ba zai yi tiyata ba, wannan ban musa ba.

Lauya Nafisa: Alhaji, da girmanka, shawararka ta tsallake abu guda, kuma shi ne ginshiƙin zaman nasu. Ƙasa. Dokar Amerindiya ta 2006 ta ba ƙauye takardar mallaka a matsayin ƙauye, ba mutum ɗaya-ɗaya ba, kuma ba a sayar da ita. Majalisar ƙauye ce ke raba wa mutane inda za su yi gida da gona. Baƙo ba ya shiga sai da izininta. Injiniya zai shaida.

Injiniya Sabo: Ƙwarai. Ranar da muka isa ba mu sauke ko waya ɗaya ba sai da muka je gaban Toshao, wato shugaban ƙauyen, muka sa hannu a littafin baƙi.

Lauya Nafisa: To ita wannan takardar a saman ƙasa ta tsaya. Zinariyar da ke ƙarƙashi ta gwamnati ce. Abin da dokar ta ba su shi ne, ƙaramin mai haƙa ko matsakaici ba zai taɓa ƙasar ƙauye ba sai kashi biyu cikin uku na waɗanda suka halarci babban taron ƙauye sun amince, kuma zai biya su aƙalla kashi 7 cikin 100 na abin da ya haƙo. In babban kamfani ne, minista yana iya tsallake ƙin da suka yi da sunan amfanin ƙasa. Sannan wanda ya riga ya samu lasisi kafin a ba ƙauyen takarda, kotuna sun bar shi da lasisinsa. Haka ya faru a Isseneru na Akawaio. A Chinese Landing, ƙauyen Carib a arewa maso yamma, sai da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta ƙasashen Amurka ta sa baki a 2023 saboda barazanar da ake yi wa mutanen ƙauyen. Waɗannan suna zaune a kan ƙasarsu ke nan ana yi musu haka. Ka kwashe su ka kai gari, Alhaji, wa ka bar wa dajin?

Alhaji Tanimu: Ai ban ce a ƙwace musu takarda ba, Lauya.

Lauya Nafisa: Ba sai an ƙwace ba. Akawaio da Arekuna na Mazaruni ta sama sun shigar da ƙara kan ƙasarsu a 1998, hukunci bai fito ba sai Disamba 2022. Shekara 24. Hujjarsu ita ce suna nan tun kaka da kakanni ba su taɓa tashi ba. Takarda a akwati, mai ita yana kilomita 100, injin haƙa ba ya karatu.

Bashir Kumasi: Lauya ta taɓo mini inda yake mini ciwo. Mu nan Ghana mun ga abin da galamsey, wato haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, ya yi wa kogin Pra da Offin, ruwa ya koma kalar kunu. Kuma da zaiba suke kama zinariyar, can ma na san ita ce. Zaiba ta shiga kogi, kifi ya ci, mutum ya ci kifi. Mutanen da abincinsu kifi ne safe da yamma su ne na farko.

Injiniya Sabo: Ita ce Bashir. A Rupununi ta arewa da sauƙi, amma a kudu wajen dutsen Marudi ana haƙa, kuma gwajin da aka yi a wasu ƙauyukan Wapishana ya nuna zaiba a jikin mutane fiye da ƙima, Parabara ta fi tsanani. Samari ma da yawa can suke tafiya neman kuɗi, su dawo da babur da zazzaɓi. Ramukan haƙa su ne gidan sauro.

Hajiya Balaraba: Ni dai ku bar ni da shari'a. Injiniya me ka ci a can? Na san halinka da tuwo.

Injiniya Sabo: Hajiya, garin kwaki na ci har na gode Allah! Suna ce masa farin, kuma shi ne abincin kowane gida. Rogo mai ɗaci suke shukawa. Mata su fere, su goge, su ɗura a wani dogon matsi da aka saƙa da tsirkiyar daji, sunansa matapi, a rataye shi a sa itace ta ƙasa a zauna a kai, yana miƙewa yana matsewa ruwan na zuba. Sai a tankaɗe a soya a babban faranti. Nasu ya fi namu tsakuwa, in ba ka jiƙa ba haƙori zai gaya maka. Da shi ake gurasar rogo mai faɗi, a shanya a kan rufi, ta yi watanni ba ta lalace ba. Ruwan da aka matse guba ne ɗanyensa, amma in an tafasa shi ya zama romon da suke dafa kifi da barkono a ciki, tuma ke nan. In aka ci gaba da dafa shi har ya yi baƙi ya yi kauri shi ne kasarip, wanda duk Guyana ke miya da shi. Akwai kuma busasshen naman sa, taso, don makiyaya ne, kan doki suke kiwo ba takalmi.

Malam Habu: Ba mamaki ya yi kama da namu. Rogon ma daga can yankin ya zo mana, Turawan Fotugal suka kawo shi gaɓar Afirka daga Brazil, kuma bayin da suka dawo daga Brazil zuwa Ikko da Dahomey a ƙarni na 19 sun taimaka wajen yaɗa yadda ake soya shi. Ɗaliban makarantar kwana na ƙasar nan bashin mutanen nan ke kansu.

Hajiya Balaraba: Ikon Allah. To nama fa, ya ka yi da yanka?

Injiniya Sabo: Kifi na riƙe, Hajiya, kuma akwai shi. Kaza in na samu in yanka da kaina. Abin da na yi ta kaucewa shi ne parakari, abin sha na rogo da ake barin sa ya yi tsami, yana bugarwa. Ranar gayya ake fito da shi, a yi aikin gonar mutum ko gyaran gada, a zauna a sha. Da na ce addinina ya hana, ba wanda ya sake miƙo mini, sai suka riƙa ajiye mini ruwan lemo.

Malam Habu: Bari in dawo da mu kan maganar Alhaji, don ni a ganina abin da yake nema an riga an yi shi, sai dai da yara aka yi ba da manya ba. Injiniya ya ce firamare ce a ƙauyen. Yaro ya gama aji shida, ya yi jarrabawar ƙasa, sai ina?

Injiniya Sabo: Sai makarantar kwana, Malam. Annai tana da sakandare, akwai St. Ignatius kusa da Lethem, akwai Aishalton da Sand Creek a kudu. Wanda ya yi fice gwamnati tana ba shi tallafi ya tafi Georgetown. Wanda bai samu gurbi ba ya ci gaba da zama a wasu azuzuwa da aka liƙa wa firamaren.

Malam Habu: To ka ji. Yarinya 'yar shekara 12 ta bar uwarta, sai hutu. A can ba mai yi mata Makushi, ba ta ga yadda ake saƙa matapi, ba ta san wace ƙasa ke karɓar rogo ba. Ta gama, ƙauye ya yi mata kaɗan, gari kuma bai da aikin ba ta, sai aikatau a Boa Vista ko shago a Lethem. Kuma kada mu manta da Mahdia. A Mayun 2023 gobara ta tashi a ɗakin kwanan 'yan mata na sakandaren garin cikin dare, yara 20 suka rasu, kusan duka 'yan ƙauyukan Amerindiya irin su Micobie da Chenapau da Karisparu. Tagogi da ƙarafa, ƙofofi a kulle. Iyayen nan ba su tura 'ya'yansu don son rabuwa ba, an ce musu can ilimi yake.

Maman Ilham: Innalillahi. Na tuna labarin nan.

Alhaji Tanimu: Allah ya kyauta. Amma Malam wannan ai hujjata ce. Da iyayen suna garin, yarinya a gidansu za ta kwana.

Malam Habu: Ko kuma da makarantar tana kusa da ƙauyen, Alhaji. Hanya biyu ce, kai ka zaɓi wadda ta fi wa gwamnati sauƙi. Akwai abin da Wapishana suka fara a 2018 tare da limaman Katolika, a ƙauyuka uku, Maruranau da Sawariwau da Karaudarnau: yaro ya fara karatu da harshen gidansu, Turanci ya biyo baya. Wannan daga ƙauye ya fito, ba daga ma'aikata ba.

Laminu Damagaram: Salamu alaikum, yanzu na gama karanta na sama. Tambayata ga Injiniya: ka ce duk abin da ka lissafa yana aiki. Mu mun san yadda famfon sola yake ƙarewa, shekara biyu a sace faranti ko inji ya ƙone a bar tanki tsuntsaye na kwana. Su me ya hana nasu mutuwa?

Injiniya Sabo: Yawwa Malam Laminu, nan nake son a zo. Ba wai ba ya lalacewa ba ne. Abin da na lura shi ne, duk abin da aka damƙa wa majalisar ƙauye yana da mai shi. Toshao zaɓensa ake yi duk shekara 3, ba gado ba ne, kuma ba ya wuce zango biyu a jere. Mata ma suna ci. Kowane ɗan majalisa da abin da aka ɗora masa, wannan ruwa, wannan lafiya, wannan makaranta. Duk wata uku a yi babban taro a rumfar nan, ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, tsohuwa ta miƙe ta ce ina kuɗin hayar tarakta? Na ga an tsare Toshao da tambaya har gumi ya keto masa. A ƙauyen mutum 300 ba inda za ka ɓuya, wanda ka ci kuɗinsa surukinka ne.

Abin da ke mutuwa shi ne wanda aka zana a Georgetown aka kawo aka kafa aka ɗauki hoto aka tafi. Tun wajen 2011 aka raba wa gidaje ƙananan faranti masu wat 65, kimanin 11,000. Farantan suna nan garau, baturan ne suka mutu bayan 'yan shekaru, kuma ba a tanadi inda za a samu wasu ba. Daga 2023 aka sake raba 30,000 masu wat 160, da fitila biyu da fanka da wurin cajin waya. Zan so in ga yadda za su kasance in baturansu sun tsufa. Ko tashar wutar ruwa ta Moco Moco kusa da Lethem, zaftarewar ƙasa ta lalata ta a 2003, ta yi kusan shekara 20 a kwance kafin a waiwaye ta.

Laminu Damagaram: To majalisar da wane kuɗi take aiki? Haraji suke karɓa?

Injiniya Sabo: Akwai ɗan tallafin shekara daga gwamnati, akwai hayar tarakta da kwale-kwale da kantin ƙauye. Wasu sun kama baƙi masu yawon buɗe ido. Surama ta yi suna a nan, masaukinta na ƙauye ne gaba ɗaya, ana karɓa-karɓar aiki don kowane gida ya samu. Sydney Allicock, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa kuma ministan harkokinsu daga 2015 zuwa 2020, ɗan Surama ne. Ƙauyen Rewa kuma da kifin arapaima suke samun kuɗi, ƙaton kifi da ya fi mutum tsawo. Da an kusa ƙarar da shi, yanzu baƙo ya biya kuɗi mai yawa ya kama ya ɗauki hoto ya sake shi. Amma babban kuɗin yanzu na daji ne.

Khalifa: Na katako?

Lauya Nafisa: Na rashin sare katako, Khalifa. Guyana tana sayar da shaidar cewa dajinta yana tsaye yana riƙe iskar kabon. A Disamba 2022 kamfanin mai na Hess ya yi yarjejeniyar sayen irin wannan shaida miliyan 37.5 a kan aƙalla dala miliyan 750 cikin shekara 10. Aka ce kashi 15 cikin 100 na ƙauyukan Amerindiya ne, su sama da 240. A 2023 kowane ƙauye ya samu tsakanin miliyan 10 zuwa 35 na kuɗin Guyana gwargwadon yawan jama'arsa, kai tsaye a asusun ƙauye. Miliyan 10 ɗin ta kusa dalar Amurka 48,000. Sai dai APA, ƙungiyar kare haƙƙin Amerindiya, ta kai ƙorafi cewa an haɗa da dajin da ke cikin takardunsu aka sayar, ba a bi ƙauye-ƙauye an nemi yardarsu yadda doka ta ce ba, majalisar Toshao ta ƙasa kawai ta amince. An yi watsi da ƙorafin. Ni har yanzu ina ganin suna da magana.

Bashir Kumasi: Kamfanin mai yana biyan mutanen daji don ya ci gaba da haƙo mai a teku. Duniya kenan.

Alhaji Tanimu: Ni ban ga laifi ba, ciniki ne, kowa ya samu. Dala 48,000 a ƙauyen mutum 200 ba wasa ba ce. Me suka yi da ita?

Injiniya Sabo: Sai an yi taro an rubuta tsari kafin a taɓa. Inda na zauna, rabi ya tafi gyaran masaukin baƙi, saura aka sayi injin gugar rogo da shingen waya don shanu suna cinye gonaki. An yi rigima a kai, matasa suna son motar ƙauye, mata suka ce injin. Mata suka ci, don sun fi zuwa taro. Wasu ƙauyukan sun gina kanti, wasu sun sayi inji na kwale-kwale. Akwai kuma inda aka sayi abin da ba mai iya gyara shi, yana nan a ajiye.

Maman Ilham: Duk na ji, kuma na sassauta. Amma ba wanda ya amsa mini maganar mai naƙuda. Injin rogo ba zai tsayar da jini ba. In da ni ce a taron nan, sai in ce a tura yarinya biyu su karanto unguwarzoma da kuɗin, a ɗaure su da sharaɗin dawowa.

Malam Habu: Su dawo su tarar da albashin da bai kai na mai shago a Lethem ba? Sai kin haɗa da gida da abin hawa, in ba haka ba kin yi wa Georgetown horo.

Khalifa: Yaya Sabo, ka ce akwai intanet a ɗakin magani. Samari suna samu?

Injiniya Sabo: Akwai wurin da gwamnati ta sa na kyauta kusa da ofishin ƙauye. Da yamma za ka ga yara da manya jingine da bango kowa da waya. Majalisa ta sa lokacin kashewa da dare don iyaye sun yi kuka. Malamai kuma sun ji daɗi, don da can horon malanta sai an bar ƙauye, yanzu wasu suna yi daga nan.

Alhaji Tanimu: To ni dai ban janye ba, amma na rage. Kada a tashe su, na ji maganar Lauya. Sai dai a yi kwaltar nan har Lethem a sa gada a Kurupukari. Hanya ita ce asibiti, ita ce kasuwa. Garin kwakin nan da markaɗaɗɗiyar gyaɗar shafa wa burodi da aka ce matan ƙauyen Aranaputa suna yi, da hanya da sun kai Georgetown da daraja.

Lauya Nafisa: Hanyar da za ta fitar da mai naƙuda ita za ta shigo da mai injin haƙa da mai neman fili, Alhaji. Kuma ta tsakiyar dajin Iwokrama ta ratsa, hekta 371,000. Ƙauyuka da yawa sun nemi a faɗaɗa musu iyaka tun shekaru, takardun suna ofis. A gama wannan tukuna, sannan a zuba kwalta.

Alhaji Tanimu: In aka jira ofis ya gama takarda, jikokinmu ma ba za su ga kwaltar ba. Ke da bakinki kika ce shekara 24.

Laminu Damagaram: Injiniya, kafin a tashi, batur ɗin firjin rigakafin da kuka haɗa, wa zai canza shi in ya mutu?

Injiniya Sabo: Na ma'aikatar lafiya ta yanki ne a takarda. Amma mun koya wa samari biyu da majalisa ta zaɓa yadda ake duba shi da wanke faranti da gane in ya fara rauni, kuma Toshao ya sa an rubuta kuɗin sabo a tsarin ƙauye na shekara mai zuwa, ya ce ba zai zauna jiran Lethem ba. A Boa Vista za su saya, ya fi araha, su ɗoro shi a bas zuwa mahaɗar hanya, tarakta ta ƙarasa da shi.

Maman Ilham: A ce wa Toshao ɗin ya ƙara layi ɗaya a tsarin, na unguwarzoma. Alhaji kuma tunda ya ce ciniki ne, shi zai biya kuɗin makarantar ta farko.

Alhaji Tanimu: Ni da ko Legas ban cika son zuwa ba? A fara kwaltar tukuna, Hajiya, sai mu yi magana.